Dalma Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Munzali

Ranar Talata da hantsi, a sati na uku na kullen korona da aka yi wa Kuala Lumpur a tsakiyar shekarar 2021, aka tsinci kawunan harsashi goma sha ɗaya a akwatin takalman Munzali, a ƙofar gidansa da ke hawa na tara a Pantai Dalam. Suna cikin 'yar robar tapau, wato ta abincin da ake saye a tafi da shi, irin wadda ake zuba yaji a kedai, shagon abinci, an rufe ta da kyau an tura bayan silifas ɗin matarsa.

Malam Bello, shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan Arewa, shi ya kai mutane wurin. Ya ce bayan sallar asuba ya tarar an turo masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa, bugun na'ura, babu suna. Layi uku ne a jikinta: Munzali yana zubin harsashi a gida. A duba akwatin takalmansa. In bai bar ƙasar nan kafin Juma'a ba, 'yan sanda za su ji.

Ba a yi awa ɗaya ba hoton robar ya zaga duk wayoyinmu, kuma a nan na ga halinmu tsirara. Mutum arba'in da 'yan kai, kowa da digiri biyu a aljihu, amma babu wanda ya tambayi yadda marubucin takardar ya san abin da ke bayan silifas ɗin matar wani. Abin da aka dinga rubutawa shi ne, "Dama na faɗa." "Saurin nan nasa tun farko bai kwanta min ba." "Allah Ya sa kada ya ja a kore mu duka." An yi watanni ana haɗiye labarin lambar yabon da ya ci da ƙyar, ranar sai ga abin kora ta.

Malam Bello ya rufe maganar da saƙon murya, a tsanake, irin yadda ya saba.

"'Yan'uwa, a yi haƙuri, a rufa wa juna asiri. Akwai jirgi ran Alhamis. Yaron nan ɗana ne, ni na koyar da shi zubin ƙarfe a kwalejinmu ta gida, ni na duba masa takardar neman gurbin nan da hannuna. Ya tafi a hankali, magana ta mutu."

Kowa ya aiko da "Madalla, Malam." Da wannan madallar muke binne duk abin da ya kamata a tona.

Munzali injiniyan ƙarafa ne. Shekara uku yana kan aiki ɗaya: harsashin dalma na zubi, don gajerun bindigogin nan da ake ɗanawa da mariƙi daga ƙasa, masu cin harsashi irin na libarba. Masu gonakin kwakwar manja da ke da lasisi da su suke korar aladen daji. Matsalar ita ce harsashin da ya zauna lafiya a libarba, in ya bi dogon bututu sai ya ƙara gudu, dalmar ta shafe cikin bututun, kafin harbi na goma ya fara kauce wa inda aka auna. Munzali ya yi ta sauya haɗin dalmar da fasalin kan da kuma man da ake cusawa a tsagin ƙugunsa, duk a ɗakin gwaji mai kwaɗo biyu, ƙarƙashin lasisin malamarsa. Saura gwaji ɗaya, ran Litinin, a filin harbi, gaban jami'in da ya ba da izini na musamman. Lasisin aikin zai ƙare a ƙarshen wata. In ya hau jirgin Alhamis, digirin ya mutu, kuma sunansa ya zama na wanda ya gudu. In ya zauna aka kira 'yan sanda, duk wanda ya taɓa zama a ƙasar nan ya san ba a wasa da maganar harsashi a gida.

Mutum ɗaya ne bai rubuta madalla ba. Abdulwahidu, ɗan wani maharbi daga ƙauyukan gefen dajin Falgore, wanda karatunsa na gandun daji ne. Kafin kulle yana wata guda a dajin Pahang yana bin sawun aladu da taɓo har gwiwa. Muna tsokanarsa da Sarkin Baka. Ya rubuta layi ɗaya: "Kada a taɓa robar, ina zuwa."

* * *

Ya tarar da Munzali a tsaye bayan ƙyauren ƙarfe, takunkumi a haɓa, idanu jajur. Matarsa Zuhra tana can ciki tana jijjiga jaririya.

"Wallahi Yaya, ko ƙurar dalma ban taɓa kawowa gidan nan ba. Da jaririya a ɗaki? Ni na san abin da dalma take yi wa yaro."

"Ban tambaye ka ba tukuna," in ji Abdulwahidu.

Ya durƙusa. Bai fara da robar ba, da ƙasa ya fara. Wani siririn layin kiyashi ya fito daga tsagin bango, ya hau ƙafar akwatin, ya wuce takalma huɗu bai kula su ba, ya tsaya a bakin murfin robar yana zagaye.

"Kiyashi yana cin dalma?"

"A'a."

"To me ya kawo shi?"

Ya buɗe robar da gefen riga, ya ɗauko ƙwaya ɗaya. Ya danna farcensa a jikinta, farcen ya shiga ya bar layi.

"Naka ma haka yake?"

Munzali ya manta da tashin hankali na ɗan lokaci, ya leƙo ta tsakanin ƙarafan ƙyaure. "Haba. Wannan tsurar dalma ce. Nawa akwai kuza a ciki, farce ba ya kama shi. Juya min shi, Yaya. Ka ga fatarsa? Kaushi-kaushi. Mazubina na ƙarfe ne, nawa sumul yake fitowa, da siririn layi a gefe inda ɓari biyun suka haɗu. Wannan zubin yashi ne, irin na masu tukwanen alminiyam. Amma fasalin nawa ne. Faffaɗan kan nan, don kada su soki juna a layi cikin bindiga, da tsagi ɗaya a ƙugu. Nawa ne sak."

"Wa ke da samfurinsa?"

"Babu... sai na roba." Ya dafe kai. "Bara da na ci lambar nan na sa aka buga min shi da roba, maratayin makulli, guda uku. Na ba Malam, na ba Zulkiflu da muke ɗakin gwaji ɗaya, na ba Aliyu maƙwabcina."

Abdulwahidu ya duba tsagin ƙugun. An cika shi da wani mai fari-fari mai sirkin rawaya, ya fara narkewa da zafin hantsi. A nan kiyashin suka taru. Ya sauke takunkumi, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa.

"Me kake sa wa naka a nan?"

"Kakin manja. Shuɗi ne, ni na rina shi don in gane shi."

"Tun farko?"

"Tun wata na shida da zuwana. Duk yana cikin kundin, babi na uku. Na tura wa Malam da Zulkiflu tun watan Maris su duba min."

Abdulwahidu ya rufe robar, ya naɗe ta a leda ya sa a aljihu.

"Kada ka sayi tikiti," ya ce.

* * *

Zulkiflu shi kowa ke nunawa da baki. Ya riga Munzali zuwa da shekara biyu, malama ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya, kuma har yanzu yana babi na biyu. Abdulwahidu ya same shi a matakalar hawa na shida yana hawa da sauka da sunan motsa jiki. Suka tsaya, matakai biyar a tsakaninsu.

"Sarkin Baka! An turo ka ka shaƙi sawuna?"

"Makullinka nake so in gani."

Zulkiflu ya zaro ya karkaɗa. Makulli uku, babu komai a jikinsu.

"Ina robar da ya ba ka?"

"A shara. Ranar da ya ba ni na jefa ta. In dinga yawo da nasarar wani a aljihuna tana ƙara kamar ƙararrawar akuya? Ba ni ba lah, in ji mutanen ƙasar nan."

"Ba ka son sa."

"Wa ya ce ina son sa? Ni na ɗauko shi a filin jirgi. Ni na nuna masa inda ake makan, cin abinci mai arha, ni na koya masa kunna murhun ɗakin gwaji. Yanzu in Farfesa ta shigo, kafin ta ce min sannu ta ce ina Munzali. Rubuta wannan, ka kai wa duk wanda ya aiko ka." Ya goge gumi da hula. "Amma na ga hoton nan da ake yawo da shi, kuma raini ne a ce ni na yi. Kundinsa na karanta shi sau uku, layi-layi, da jan biro, ina neman inda ya yi kuskure. Waƙafi biyu na samu. Waƙafi biyu, Sarkin Baka, a shafi ɗari biyu da goma! Da ni zan yi masa sharri, da wanda Farfesa da kanta za ta rantse nasa ne zan yi. Da shuɗin kakinsa, da komai. Shekara biyu da rabi ina shaƙar warin kakin nan a rigata."

"Kafin kakin manja me yake sawa?"

"Wani shirme da ya zo da shi daga gida a takardarsa ta farko. Ni ban gan ta ba. Babi na uku dai ya ce ya yar da shi saboda zafin ƙasar nan yana narkar da shi tun kafin a ɗana. Ka gama? Saura min hawa huɗu."

* * *

Daga nan Abdulwahidu ya nemi Aliyu. Aliyu yana layin tapau a mamak ɗin bakin hanya, shagon abinci na Indiyawa Musulmi, kowa a kan jan tef ɗinsa na ba da tazara. Shi ne mai kamun kifi a cikinmu. Kafin kulle duk Asabar yana bakin tafki, ya dawo da kifi biyu da labarin goma.

Robarsa tana nan a makullin babur, ta yi baƙi da dauɗa. Da aka zo maganar dalma kuwa sai ya fara kallon roti, gurasar da ake juyawa a kasko.

"Oga, ni fa ba na son magana."

"Kana da dalmar da ake rataya wa fatsa don ta nutse. Tsura ce, farce yana kama ta."

"Ina da ita. To, ina da ita da." Ya matso, mai shagon ya daka masa tsawa ya koma kan tef ɗinsa. "Akwatin kayan kifina yana ɗakin ajiyar ƙungiya a ƙasa, inda muke sa tabarmin Idi da manyan tukwane. Shekaranjiya na je ɗauko zare, na tarar an kwashe dalmar kaf. Da na ga hoton nan jikina ya yi sanyi. Na ce in na yi magana ni za a kama."

"Shi ya sa ka rubuta madalla."

"Kowa ma ya rubuta."

"Wa ke da makullin ɗakin?"

"A ƙusa yake a bayan mitar lantarki. Har yara sun sani." Ya karɓi ledarsa. "Ka san me, Oga? Ni ban yi ba. Amma da na ji labarin, kafin tsoro ya zo, sai da na ji wani ɗan sanyi-sanyi a raina. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Duk ranar da aka karɓi takardarsa ina jin matarsa tana guɗa, tawa kuma ta juyo ta kalle ni. Allah Ya yafe min."

Abin da Abdulwahidu ya samu a yinin farko ke nan: ɗaya ba shi da robar, ɗaya ba shi da dalmar, kuma dukansu biyun sun faɗi da bakinsu cewa faɗuwar Munzali ba za ta hana su barci ba. Da yamma wayoyi suka raba gari biyu, 'yan Zulkiflu ne ya yi da 'yan Aliyu ne ya yi. Malam Bello ya sake aiko da murya: a daina zargin juna, jirgi dai ran Alhamis.

* * *

Ran Laraba da safe Abdulwahidu ya bi gidajen masu iyali, hawa-hawa, yana ɗingishi. A kowace ƙofa ya yi sallama, ya tsaya nesa, ya ce kaushi ne ya tsage masa dunduniya, ko akwai ɗan man kaɗanya? Amsa ɗaya ya dinga samu. Wata goma sha biyar babu mai zuwa daga gida, daddawa ta ƙare, kuka ta ƙare, man kaɗanya kuwa tun bara. Mata uku suka ce masa, in dai akwai saura a ginin nan, to wurin Hajiya Larai ne, kuma ba ta bayarwa.

Hajiya Larai matar Malam Bello ce. Shekara bakwai a Pantai Dalam, ita ke wankan jego, ita ke raba rigima, ita ke rataya wa marasa lafiya ƙosai a ƙyaure tun da aka hana shiga gidajen juna. Malam ya sauka karɓo saƙo, ita ta amsa sallamar.

"Abdulwahidu, kai da ke taka ƙaya a daji yau kaushi ya kayar da kai?"

"Zaman gida ne, Hajiya. Ƙafar ba ta saba da tayil ba."

"Da ka zo makon jiya da na lakato maka. Ɗan abin da ya rage a gwangwani nake ta lallaɓawa saboda jaririyar Zuhra, ko 'ya'yana ban bari sun taɓa ba. Ran Lahadi na buɗe na tarar an kwashe rabi, da yatsa, rami guda. Na tsare yaran nan, sai 'Not me, Mama' suke ce min, ko rantsuwar ma ba su iya da Hausa ba."

"Ba ki ba kowa ba?"

"Tun Babbar Sallar bara ko cokali bai fita ƙofar nan ba. Gidan nan ban san me ya same shi ba. Tsohon ludayina na ƙarfe ma ya yi ƙafa. Malam ya ce wai tsatsa ya yi, ya yar. Ludayin da na zo da shi daga Kano!" Ta rage murya. "Yaya Zuhra? Ko abinci ba ta ci. Malam ma tun Talata ba ya barci saboda yaron nan. Ka san yadda yake ji da shi."

Abdulwahidu ya kalli ƙasa.

"Na sani, Hajiya," ya ce. Ya yi godiya ya juya, ya manta da ɗingishin.

Daga nan ya hau hawa na tara, ya ce Munzali ya nemo masa takardarsa ta farko, wadda ya rubuta tun a gida. Munzali ya daɗe yana lalube a kwamfuta. Da ya samo, ya karanta shafi na huɗu da kansa, sai ya zauna a ƙasa bayan ƙyauren.

* * *

Ba a taro a lokacin kulle, don haka aka yi shi a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin gini, bayan la'asar, kowa ya tsaya a gurbin mota ɗaya tsakanin fararen layuka. Malam Bello, Munzali, Zulkiflu, Aliyu, da mu huɗu 'yan kwamiti. Abdulwahidu ya aza robar a kan murfin wata tsohuwar mota.

"Malam, da izininka."

"Bismillah. Amma a taƙaita, kada masu gadi su gan mu."

"Dalmar nan ta Aliyu ce, daga ɗakin ajiya. Makullin yana ƙusa, kowa na iya ɗauka, don haka ba ta nuna kowa ba. Fasalin daga robar da Munzali ya raba ne, ita aka danna a yashi aka yi mazubi. Zulkiflu ya ce ya yar da tasa, ba ni da shaidar haka."

"Ka je ka tona bola mana," in ji Zulkiflu.

"Ba sai na je ba. Wanda ya yi wannan ya so a ce na Munzali ne, shi ya sa bai bar tsagin fanko ba, ya cika shi da man da ya san Munzali yana sawa. Zulkiflu, me Munzali yake sawa?"

"Kakin manja, shuɗi. Ko a mafarki aka tashe ni."

"Aliyu?"

"Ni ban ma san ana sa wa harsashi mai ba, wallahi."

Abdulwahidu ya buɗe robar ya miƙa. "A shinshina."

Muka sauke takunkumi ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗan Arewa da zai ɓata wannan warin, ko ya yi shekara ashirin a waje. Wani a cikinmu ya ce, "Man kaɗanya," muryarsa kamar ya ga ɗan garinsu.

"Munzali bai taɓa zuba harsashi da man kaɗanya a ƙasar nan ba sai a watanninsa na farko, kuma ya rubuta dalilin da ya sa ya bari. Duk wanda ya buɗe kundinsa ya sani. Wuri ɗaya ne aka rubuta cewa da man kaɗanya za a yi aikin: takardar da ya nemi gurbi da ita, shekara huɗu da suka wuce. Mutum ɗaya ne a ginin nan ya karanta ta. Shi ya faɗa mana da bakinsa ran Talata." Ya juyo. "Malam, a gidanka kaɗai man nan ya rage, kuma an kwashe rabinsa ran Lahadi. Ludayin Hajiya ma ba tsatsa ya yi ba. Ka yar da shi ne don kada ta zuba wa yara miya da shi bayan dalma, kuma wannan Allah Ya saka maka. Ara min makullinka."

Malam Bello bai motsa ba. Can ya zaro makullin ya miƙa. Robar tana rataye, fes, an wanke ta. Abdulwahidu ya buga ta a tafin hannu sau biyu, 'yan ƙwayoyin yashi suka faɗo daga hudar zoben.



"Ba zan kai wa 'yan sanda ba," in ji Malam Bello. Muryar dattakon nan ta tafi, wata ce daban. "Wallahi ba zan kai ba. So nake ya jira ni. Shekara ɗaya kawai ya jira ni." Ya dubi Munzali. "Ka zo ajina ba ka san bambancin dalma da kuza ba. Ni na riƙe hannunka ka yi zubinka na farko. Shekara bakwai ina nan, an sauya min malami sau biyu, gashina ya yi fari a ɗakin karatu. Kai shekara uku. Mu koma kwaleji ɗaya, sashe ɗaya, a rubuta Dakta a ƙofarka, ni in ƙwanƙwasa in jira a ce in shigo?"

"Malam," in ji Munzali, "na turo maka kundin tun Maris."

"Na gani."

"Ba ka buɗe ba?"

"Na kasa."

Munzali ya ciro wayarsa, ya nemo shafi na biyu na kundin. Bai iya karantawa ba, ya miƙa wa Zulkiflu. Zulkiflu bai ko duba ba.

"Na haddace shi. 'Ga Malam Bello, wanda ya fara sa min ludayin zubi a hannu.' Sau uku na karanta, sau uku ya ƙona min rai, don ni ko a shafin godiya sunana na bakwai ne."

Malam Bello ya jingina da ginshiƙi.

Ba a yi minti ɗaya ba wani dattijo a kwamiti ya gyara murya. "To, alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Sai a zubar da abin nan a kwata, a bar maganar a nan. Malam babba ne, yana da iyali."

Jiya-jiya an yarda a kashe wa yaro shekara uku don a zauna lafiya, shi ma da iyalinsa da jaririyarsa, babu wanda ya tuna. Yau da abin ya hau kan babba sai ga tausayi ya zubo kamar ruwan Nuwamba na ƙasar nan. Hoton robar kuwa yana cikin waya arba'in da sunan Munzali a ƙarƙashinsa, kuma kwata ba ta goge hoto.

Abdulwahidu ya ɗora hannu a kan robar. "Ba tawa ba ce, ba ta kwamiti ba ce. A ƙofarsa aka ajiye."

Munzali ya share fuska da takunkuminsa. "Gobe da safe zan kira Farfesa in gaya mata komai, ita ta san inda za a miƙa wannan. Kuma Malam zai rubuta abin da ya yi, ya sa hannu, ya tura inda ya tura muryarsa ran Talata. Ba na neman a kama kowa. Amma ba zan shiga filin harbi ran Litinin da wannan a bayana ba."

"Munzali, ka dubi girman..." in ji dattijon.

"Na duba, Alhaji. Shekara huɗu ina dubawa."

Malam Bello ya rubuta. A kan murfin motar ya rubuta, da biron Zulkiflu, jan nan.

* * *

Jirgin Alhamis ya tashi babu Munzali. Ran Litinin ya harba hamsin a jere gaban jami'in, aka leƙa bututun da tocila aka same shi fes. Malam Bello ya sauka daga shugabanci, jami'a ta kira shi gaban kwamitinta, abin da suka yanke kuma ya tsaya tsakaninsu. Waɗanda suka rubuta "Dama na faɗa" su suka fara aiko da barka, har da hoton fure.

Da aka ɗaure kundin da baƙin bango, Munzali ya sa kwafi ɗaya a leda ya rataya a ƙyauren Malam Bello, yadda ake rataya wa juna abinci. Bai cire shafi na biyu ba. Ledar ta kwana uku a rataye. A rana ta huɗu ta dawo ƙyauren Munzali, kundin a ciki, da kwanon ƙosai mai zafi a kansa, don Hajiya Larai ba ta taɓa mayar da leda fanko ba.

Abdulwahidu yana wurin. Munzali ya miƙa masa littafin ta tsakanin ƙarafa.

"Yaya, duba min. Ya karanta?"

Abdulwahidu ya juya shi a hannu. Gefen takardun duk a manne yake da juna yadda ya fito daga wurin ɗauri, babu wanda ya fasa su. Wuri ɗaya ne kawai ya buɗe da kansa. A ƙasan shafi na biyu, kusa da sunan, akwai tabon mai, sawun babban yatsa, ɗan ƙarami.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe littafin ya mayar.

"Hajiya ce ta buɗe shi," ya ce. "Ci ƙosanka kafin ya huce."